Tankin mota ma yana numfashi, kuma hanyar daji ce ke shaƙe shi

Mota ta dawo daga ƙauye, ta sha laka ta sha gargada, bayan kwana biyu sai ta ɓullo da wani hali. Da safe a tashe ta lafiya lau. A yi tafiyar minti 20 ko 30, ta fara shaƙewa, a taka totur ta ƙi ɗauka, can sai ta mutu a gefen titi. A bar ta ta huta, ta tashi kamar ba ita ba. A yawancin gareji hukunci biyu ake yanke wa irin wannan: ko an sha man 'yan bumburutu, ko famfon mai ya gaji. A sayo sabon famfo a ɗaura, sati guda a koma gidan jiya.

Kafin a taɓa famfo akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Da zarar motar ta mutu, kashe makulli, ka je ka kwance murfin tanki a hankali kana saurare. In ka ji iska ta ruga ciki da ƙarfi, wani lokaci har da ƙarar "ɓam" daga ƙasan mota, sannan ka murza makulli ta tashi nan take, to ka wanke famfo daga zargi. Tankin ne ya kasa numfashi.

Mai shayi ya san dalilin da ya sa yake huda gwangwanin madara wuri biyu: ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Haka tanki yake. Duk litar da inji ya sha, sai litar iska ta maye gurbinta. In hanyar iskar ta toshe, famfo zai ci gaba da ja, tankin ya fara tsotsewa ciki kamar robar ruwan da yaro ya zuƙe. Mutane na raina ƙarfin wannan abu. Iskar da muke ciki tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1. Ƙasan tankin da ya kai santimita 50 a faɗi, 60 a tsawo, murabba'i 3,000 ke nan. In iskar cikinsa ta ragu da kashi 10 cikin 100 kacal, kamar an ɗora masa kilo 300 ne daga waje, buhun siminti shida. Famfon lantarki na motar fetur mai injakta, wanda ke tura mai da matsin da ya ninka na iskar waje sau 3 zuwa 4, yana iya jan tanki har ya lotse kafin injin ya mutu.

Numfashin kuma shiga da fita ne. Fetur na kumbura da zafi, kusan lita 1 a cikin lita 1,000 a kowane digiri ɗaya. Tanki mai lita 80, irin na Hilux, in aka cika shi da man da ya fito da sanyinsa daga ƙarƙashin ƙasa, sannan ranar watan Afrilu da zafin salansa suka ɗora masa digiri 15, ya ƙaru da fiye da lita 1, ban da tururin da yake fitarwa. Mai hawa Mambila zuwa Gembu yana da ƙarin lissafi: a tsayin kusan mita 1,600 nauyin iskar waje ya ragu da fiye da kashi 15 cikin 100, don haka tankin da ya toshe zai kumbura a hawa, ya matse a gangara.

Inda iskar ke bi

A motocin gas, wato dizal, da tsofaffin motoci masu kabireta, abin da sauƙi. Wasu ƙaramar kafa ce a jikin murfi. Wasu siririn tiyo ne, galibi mai faɗin milimita 6 ko 8, da ya taso daga saman tanki ya ƙare a jikin shasi ko kusa da wuyan zuba mai, wani lokaci da ɗan bawul a bakinsa. A gindin tiyon, kan tanki, akan sami bawul ɗin kifewa, mai ƙwallo ko fulot a ciki, wanda ke rufewa in mota ta wuntsila don kada mai ya tsiyaye.

Motocin fetur na zamani, musamman na hannu da aka ƙera don kasuwar Amurka, ba sa sakin tururi a waje. Tsarin da ake kira EVAP yana kai shi cikin wani gwangwani baƙi na roba cike da gawayi. Gawayin ya riƙe tururin, in inji ya yi zafi kwamfuta ta buɗe wani bawul a wajen inji ya zuƙe shi ya ƙone. Gwangwanin yana da nasa bakin da ke shaƙar iskar waje, da bawul na biyu da 'yar matata. A tsofaffin motocin Jafan gwangwanin na cikin ɗakin inji, nesa da taɓo. A sababbi an mayar da shi ƙarƙashin mota, kusa da tanki ko saman safaya. Wanda ya zaɓa masa wannan wuri kwalta yake tunani, bai san hanyar burji a watan Agusta ba.

Laka ce kan gaba wajen toshe wannan hanya. Taya ta watsa ta bakin tiyo, zafi ya busar da ita ta zama kamar tubali. A lokacin hunturu kuma ƙura ce mai laushi, wadda ba ta toshewa rana ɗaya, sai dai ta riƙa taruwa a matatar gwangwani har iska ta daina wucewa. Akwai tiyon da reshe ya fizge ya lanƙwasa, akwai wanda ya matse tsakanin tanki da bodi saboda dutse ya tura tankin sama. Sai zanzaro, wanda ba ya ganin rami mai faɗin fensir ya ƙyale: motar da aka ajiye sati biyu a gona tana iya tashi da gidansa na laka a cikin tiyo. Kada a ɗauka wasa ne. A 2011 kamfanin Mazda ya janye motocin Mazda6 fiye da 50,000 a Amurka saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a cikin tiyon numfashi har tanki ya kai ga tsagewa, kuma a 2014 ya sake yin wata janyewar kan wannan matsala.

Amma abin da ya fi kashe gwangwanin gawayi a wajenmu hannunmu ne ke jawo shi. Za a shiga daji, ba gidan mai a gaba, sai a cika tanki, nozul ya katse, a ce wa yaron gidan mai ya ƙara, a girgiza mota, a ƙara, har mai ya tsaya a wuya. Wurin da masu ƙera tanki suka bari a sama don kumburi ya cike. Daga nan mota ta hau tudu ta karkata, ta faɗa kwazazzabo, man ya bi tiyon tururi ya sauka cikin gawayi. Gawayin an yi shi don tururi ne, in ya jiƙe da ruwan fetur sai ya dunƙule ko ya farfashe, ɓarɓashinsa ya bi tiyo ya maƙale a bawul ɗin wajen inji. Alamar wannan a fili take: duk lokacin da aka sha mai, motar sai ta yi ta gurnani kafin ta tashi, ta yi minti ɗaya tana rawa, sannan ta daidaita. In kana son ƙarin mai don tafiya, jarka ta fi arha.

Ka lura da inda iskar ta nufa in ka buɗe murfi. Ɗan huci kaɗan ba laifi ba ne a motocin fetur na zamani. In ba ka tabbata ba, riƙe siririyar leda kusa da bakin: in ta manne, tsotsa ce, hanyar shiga ta toshe. In ta tashi, ga warin fetur ya bugi hanci, matsi ne, hanyar fita ta toshe ko kuma tankin na shan zafin da ya wuce kima. A nan ka duba farantin da ke tsakanin salansa da tanki, don gargada na yawan karya shi ya faɗi ba a sani ba, ko kuma dutse ya tura salansar ta matso.

Wata alamar ita ce tanki ya ƙi karɓar mai. Ana zubawa nozul na katsewa kowane lita biyu, ko man ya yi amai ya dawo. Famfon gidan mai na zuba wajen lita 30 zuwa 40 a minti, kuma iskar da ta kai haka dole ta fita a daidai lokacin. A tsofaffin motoci wani tiyo ne mai ɗan kauri da ke bin gefen wuyan tanki yake fitar da ita. In ya lanƙwasa, ko ya saki ya yi ciki har mai ya kwanta a cikinsa, shi ke nan. A motocin Amurka na zamani kuwa iskar duk ta cikin gwangwanin gawayi take bi, don haka ƙin karɓar mai yakan zama shaidar farko cewa gwangwanin ya toshe.

In fitilar inji ta kama aka sa kwamfuta, P0446 na nuni ga ɓangaren shaƙar iskar waje, P0441 ga bawul ɗin wajen inji, P0455 babban yoyon tururi, P0442 da P0456 ƙarami, P0457 murfi bai ɗauru ba. Lambar P0171, ko P0087 a motocin da ke auna ƙarfin mai, cewa kawai take yi mai bai isa ba, ba ta faɗi dalili ba, kuma ita ce ke sa a yi ta sayen famfo.

Yadda ake bin sawun toshewar

A fara da murfi, don shi ya fi sauƙi. Da yawa murfinsu ya faɗi a daji sun sayi wanda ya yi kama da shi a bakin tasha, alhali na asali yana da bawul mai barin iska ta shiga, sabon kuwa toshe yake ɗam. Duba robar bakinsa ko ta tsage.

Sannan a wanke ƙasan motar sosai, a ɗaga ta ko a hau rami, a bi kowane tiyo da hannu daga saman tanki zuwa ƙarshensa. Wanda ake zargi a cire shi baki biyu, a hura. Nan ake yin babban kuskure: a bar tiyo a jone da tanki ko gwangwani, a kawo iskar mai faci a ɗana. Injin mai faci na tara iska fiye da fam 100, alhali na'urar hayaƙin da ake gwada wannan tsari da ita ba ta wuce rabin fam. Iskar faci na iya kumbura tanki, ta fasa na'urar auna matsi da ke kansa, ta tura lakar cikin gawayi. Tiyon da aka cire gaba ɗaya kaɗai ake yi wa haka.

Gwangwanin a sauke shi a girgiza. In ya yi nauyi, ko fetur na ɗiga, ko gawayi na zubowa, ya mutu, kuma wanki ba ya tashinsa. In ƙura ce kawai a matatar bakinsa, a kaɗe ko a canza ta. Bawuloli biyun a galibin motoci kishiyoyin juna ne: na wajen gwangwani a buɗe yake in ba wuta, a ba shi wutar batir mai bolt 12 ya yi "ƙas" ya rufe. Na wajen inji a rufe yake in ba wuta, don haka in ka hura iska ta wuce, ya lalace.

Abin da bai kamata a yarda bakanike ya yi ba shi ne ya cire gwangwanin ya jefar, ya cusa noti ko tsohon fulogi a bakin tiyon da ya fito daga tanki. Ana yin haka da yawa don a kashe warin mai, kuma shi ne ainihin ɗaure wa tanki hanci. In matsalar ta same ka a hanya, sassauta murfi kaɗan zai kai ka gida, muddin tankin bai cika ba kuma ba cikin ƙura kake ba. Cusa tsumma ko leda a madadin murfi neman gobara ne.

Lotsewa, tsagewa da yoyo

Tankin da ya lotse, a fara tantance abin da ya lotsa shi. Dutse ko kututture na barin shaida: karce, fenti ya goge, farantin kariyar ƙasa shi ma ya lanƙwasa. Wanda tsotsa ta lotsa sumul yake ba tabo, ƙasa ta shigo, wani lokaci sama da gefe ma, kuma maɗauran da ke riƙe shi sun yi sako-sako saboda ya ragu. Irin wannan in ka canza tanki ba ka buɗe hanyar iska ba, sabon ma haka zai yi.

Lotsewar da ta kai santimita 30 da 40, zurfin 5, tana cinye lita 3 zuwa 6 na wurin mai. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce inda ta faɗo. Famfo da rariyarsa a ƙasan tanki suke zaune, da sifirin da ke danna su. In ƙasan ya taso daidai nan, ko ya matse rariyar mai ya daina shiga sosai, ko ya tura gidan famfon sama robar kansa ta tsage. Sai ka ji warin fetur duk lokacin da aka cika tanki, ya ɓace in man ya sauka. Sandar fulot mai auna yawan man tanki ma takan lanƙwasa ko ta tokare: allura na nuna kwata mai ya ƙare, ko ta tsaya a rabi ta ƙi motsi. A motar gas, in bututun da ke ɗebo mai ya tsage, iska yake sha, da safe sai an yi ta danna famfon hannu na kan filta kafin ta tashi.

Tankin ƙarfe da bai karye ba ana iya turo lotsewarsa da katako mai santsin baki ta ramin famfo. Na roba, wanda ake yi da wata roba mai tauri da ake kira HDPE, sau da yawa yakan koma da kansa in aka sauke shi, aka juye man, aka zuba masa ruwan zafi. Amma in wurin ya yi layi fari, robar ta gaji, za ta tsage ko ba yau ba.

Gargada kuwa a hankali take ɓarna. Lita 80 na gas sun kai kilo 67, kuma wannan nauyi yana tsalle a kan maɗaurai biyu. Robar da ke tsakanin maɗauri da tanki in ta zame, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Tsakuwar da ta maƙale tsakanin faranti da tanki ita ma haka, tana goga har ta huda. Lakar da ta kwana a nan tana riƙe danshi ta kawo tsatsa, shi ya sa wankin da bai kai ga sauke farantin ba rabin wanki ne. Wuraren da tsaga ta fi fitowa su ne bakin ɗinkin tanki, gindin wuyan zuba mai, da kusa da maɗaurai. Wurin da ƙura ta manne ta yi baƙi alhali kewayensa a bushe, nan yoyon yake.

A daji, sabulun wanki na sanda da aka goga da ƙarfi a kan ƙaramar huda yana tsayar da fetur, don fetur ba ya narkar da shi, amma kududdufin farko zai wanke shi. Gam mai haɗi biyu ya fi daɗewa a tankin ƙarfe, in an rage mai ƙasa da hudar, an goge wurin da samfefa da hannu har ƙarfe ya fito, an bar shi ya bushe. Kada a kawo injin gurza kusa. A tankin roba gam ɗin ba ya kamawa, zai ɓanɓare cikin kwanaki.

Maganar walda kuwa a yi ta da tsoro. Fetur na kama wuta ne in tururinsa ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100 na iska, wato tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari. Ƙaramin cokali biyu na fetur da ya laɓe a ɗinki ya isa ya mayar da tanki mai lita 80 bam. Dabarar jona tiyo daga salansa a cika tanki da hayaƙi ba abin dogaro ba ce, don injin da ba ya ƙona mai da kyau yana fitar da hayaƙin da shi kansa ke ci da wuta. In dole ne, a cire famfo da fulot da duk abin da ke toshe baki, a wanke da ruwan zafi da omo sau da yawa, a cika da ruwa har dab da wurin da za a yi aiki, a bar bakuna a buɗe. Ko an tsira, wutar ta ƙone rufin da ke hana tsatsa a ciki, bayan wata shida filta za ta fara cika da jan gari. A ganina tankin Beljiyam mai kyau ya fi waldar da ta fi kowace kyau. Wajen saukewa a zare fis ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa don matsin bututu ya sauka, a cire kan batir na nagatif, a rage man, a tallafi tankin da jak da faffaɗan katako.

Saura ruwa. Tankin da ya yi zafi, musamman na motar gas ta zamani da ke dawo da mai mai zafi daga inji, in ya shiga rafi sai iskar cikinsa ta tsuke. Daga digiri 50 zuwa 25 tana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100, don haka tankin da ke da lita 40 na iska zai iya neman har lita 3 daga waje in ya huce sosai. In bakin tiyon na cikin ruwa a lokacin, ruwan zai sha, da yashinsa. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya daidai inda rariya take. Bayan kowane ƙetare mai zurfi a kwance ƙasan filtar gas a tsiyaye cikin kwalba mai haske, kada a jira fitilar ruwa ta kama, don nozulolin da ke fesa mai a cikin injin zamani ba sa yafe ruwa ko kaɗan.

Maganin shi ne a ɗaga bakin numfashin. A sami tiyon da aka yi don mai, faɗinsa ɗaya da na asali, a jona da kilif, a bi da shi jikin shasi nesa da salansa, yana hawa ba tare da ya yi ciki a ko'ina ba, har ɗakin inji ko bayan kan mota. A juya bakinsa ƙasa, a sa masa filtar mai irin ta babur don ƙura da zanzaro. Tiyon ban ruwa da na ƙarin ruwan asibiti ba sa jure fetur, laushi suke yi su manne. Tunda an shiga ƙasan motar, a yi wa tiyon numfashin aksul da na giya haka, ciwonsu ɗaya. A motar da ke da gwangwanin gawayi a ƙasa kuwa, bakin gwangwanin mai shaƙar iskar waje ake tsawaitawa, ba a taɓa tiyon da ke tsakaninsa da tanki, kuma a nan filtar babur ta yi kaɗan: sai tiyo mai kauri daidai da bakin da kuma matata mai faɗi, in ba haka ba nozul zai koma katsewa a gidan mai.